Kafin Ka Haska Motar Mutum Da Dare

Ɗana, na ga hotunan da ka turo mini na motar nan da ta tsaya lodin albasa a bakin titin Dinawa. Allah ya yi maka albarka, kana da ido. Sai dai ka duba da kyau: lambar mota ce kawai ke ƙyalli, sai wani farin tabo a jikin ƙofa, saura duk duhu. Matso in gaya maka dalili, don na fara sana'ar nan tun zamanin fim mai cin hoto 36, lokacin da kowane kuskure ke da kuɗinsa.

Jikin mota madubi ne. In ka tsaya gabanta sak ka saki filasha, fenti da gilashi za su dawo maka da hasken cikin idon kyamara. Lamba da jajayen ƙyallin baya kuwa, da gangan aka yi su don su mayar da haske inda ya fito, domin direban da ke biye ya hango su. Sannan haske yana saurin gajiya: in tazara ta ninka biyu, kashi ɗaya cikin huɗu ne zai isa. Shi ya sa gaban motar ya ƙone, bayanta ya nutse. Filashar waya ba ta da wani ƙarfi bayan mita 2 zuwa 3. In kuma hunturu ne, ƙurar da ke yawo kusa da kyamara ita za ta fara kama hasken, hoto ya fito da ɗigo-ɗigo kamar an watsa masa gari.

Maganin ba tsada. Goge motar tukuna. Fito da zarar an idar da magariba, sama na da sauran ja. Kashe filasha, ka jingina wayar a kan buhu ko dutse don kada hannu ya yi rawa, ka bar ta ta sha hasken da ke akwai. In duhu ya riga ya yi, ba ƙaninka tocila ya tsaya daga gefe, ya yafa wa tocilar farin ƙyalle. Hasken da ya zo ta gefe a tausashe shi ke fito da surar mota.

Abin da ya fi damuna kuwa ba hoton ba ne. Don Allah kada ka taɓa haska direban da ke tafe. Idon mutum kan ɗauki minti 20 zuwa 30 kafin ya gama sabawa da duhu, walƙiya ɗaya kuma ta isa ta dushe masa gani na ɗan lokaci. Ka san hanyar nan da ta taso daga Sakkwato ta nufi Goronyo: ga masu babura, ga amalanke, ga yara masu ƙetarawa. Ba hoton da ya kai darajar rai.

Ka kuma tuna halin da muke ciki. Mutanen Wurno da Rabah da Goronyo sun sha wuyar 'yan bindiga, har ta kai haske ya gilma da dare sai gaba ya faɗi. Ƙasar nan ta ribaɗi ce tun zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a Wurno a 1837. Tsaron dare gado ne a wurinmu, kada ka zama mai tayar da hankalin masu yin sa. Yi sallama, nemi izinin mai mota, masu sintiri su san da kai. Kafin ka ɗora hoto a Facebook, rufe lambar, don ba ka san wanda ke bibiyar dukiyar bawan Allah ba.

In kuma hoton na talla ne, mai mota na son sayarwa, kada ka bari duhu ya ɓoye lotsawa ko tsatsa. Mai saye daga nesa da idonka yake gani, amana ce ya ba ka.

Gobe in Allah ya kai mu, koma wurin direban nan, ka gaishe shi, ka roƙe shi ya ba ka minti goma bayan magariba. Hoton farko shi za ka fara nuna wa, sannan ka turo mini. Allah ya tsare, ya sa albarka a sana'arka.