Darasi na Goma Sha Ɗaya: Gano Lalacewar Bawul Bayan Matsalar Sarƙar Taimin

Gabatarwa

Kanikanci na daga cikin sana'o'in zamani da suka samu gindin zama a ƙasar Hausa, suka kuma shigo wa harshen da ɗimbin kalmomin aro waɗanda bakin Bahaushe ya sarrafa har suka zama nasa. A wannan darasi an zaɓi matsala guda daga cikin waɗanda ake kai wa gareji, domin ɗalibi ya ga yadda ake tsara rubutun bayani a kan aikin fasaha, ya kuma naƙalci keɓaɓɓun kalmomin da ke tafiya da shi. Matsalar kuwa ita ce mota tana cikin tafiya ta mutu farat ɗaya, a kuma yi zargin sarƙar taimin ce ta tsinke ko ta tsallake haƙori. Tambayar da ke gaban bakanike a nan ita ce: shin bawul ya lanƙwashe, ko kuwa ya tsira? Amsar ita ce ke raba tsakanin gyaran yini guda da aikin da zai cinye wa direban haya cinikin makonni.

Aikin Sarƙar Taimin

Injin mota mai amfani da fetur yana aiki ne a matakai huɗu: shaƙar iska da mai, matse su, ƙonewa, sannan fitar da hayaƙi. Fistin shi ne ke hawa da sauka a cikin silinda, yana juya karanshaf. Bawul kuwa ƙofa ce, wani na shiga, wani na fita, kuma kamshaf ne ke danna su su buɗe, sifirin ya mayar da su su rufe. Sarƙar taimin ita ce ke ɗaure waɗannan sanduna biyu wuri guda, ta yadda duk juyi biyu na karanshaf, kamshaf zai yi juyi ɗaya. Idan inji na juyi 3,000 a minti guda, kowane bawul na buɗewa da rufewa sau 25 ke nan a daƙiƙa ɗaya.

Ba kowane inji ne ke da sarƙa ba. Wasu bel gare su. Alal misali, Honda Accord ƙirar 2003 mai silinda huɗu sarƙa gare ta, amma mai silinda shida bel ne. Akan canza bel bayan tafiyar kimanin kilomita 100,000, ita kuwa sarƙa an ƙera ta ne domin ta rayu tare da injin. Sai dai rayuwarta a hannun baƙin mai take, domin shi ke jiƙa ta, kuma a yawancin injuna ƙarfinsa ne ke tura maɗaurin da ke tsuke ta. Mai motar da ke jinkirta juyen baƙin mai, shi ke tsufar da sarƙarsa da hannunsa.

Abin da ke sa matsalar ta yi muni shi ne, a yawancin injunan zamani, da kusan dukkan masu amfani da gas, wurin da bawul ke sauka idan ya buɗe shi ne wurin da fistin ke isa idan ya hau. Lokaci ne kawai ke raba su. Da zarar sarƙa ta tsinke, kamshaf zai tsaya da wasu bawul a buɗe, karanshaf kuwa ya ci gaba da juyi, sai fistin ya hau ya doke su. Akwai injunan da aka bar wa isasshen fili ta yadda ba za a yi karon ba, kamar 4A-FE na tsofaffin Toyota Corolla. Don haka sanin irin injin shi ne matakin farko.

Matakan Bincike

Bakanike na gari da tambaya yake farawa, ba da sifana ba. Ko an daɗe ana jin ƙarar kacau-kacau daga gaban inji da safe, wadda ke ɓacewa bayan 'yan daƙiƙoƙi? Wannan alama ce ta sarƙar da ta saki. Da wane irin gudu ake lokacin da motar ta mutu? Sau nawa aka yi ta murza makulli bayan nan? Tambaya ta ƙarshe tana da muhimmanci, domin tura mota da buga kik a bakin titi na iya ƙara ɓarna a kan wadda tsinkewar kanta ta yi. Injin da ke juyawa da sauri fiye da yadda aka saba, sumul babu sarƙewar numfashi, yana nuna matsi ya zube, kuma jin haka sau ɗaya ya wadatar.

Daga nan sai a cire kan batir, a kwance fulogogi, a buɗe murfin saman inji. Za a sa sifana a kan babban notin karanshaf a juya a hankali da hannu. Idan kamshaf bai motsa ba, sarƙa ta rabu. Idan ya motsa, sai a duba alamomin da kamfani ya zana a jikin giya, a ga ko sun yi daidai. In kuwa aka ji juyin ya cije, to, a tsaya nan. Ƙarfe ne ya gamu da ƙarfe, tilastawa ƙarin asara ce.

A nan ne da yawa daga cikin masu koyo ke yin kuskure. Sukan ɗauko gejin awon matsi su ɗaura a ramin fulogi, su ga allura ba ta tashi ba, sai su yanke hukuncin cewa bawul ya lanƙwashe. Alhali kuwa injin da taiminsa ya goce ba zai riƙe matsi ba ko da dukkan bawul ɗinsa lafiya lau suke, saboda ƙofofin suna buɗewa ne a lokacin da ya kamata su kasance a rufe. Ke nan wannan awo ba ya zama shaida sai bayan an mayar da sarƙa mazauninta. A lokacin ne za a sa ran ganin kimanin ba 10 zuwa 14 a kowace silinda, kuma kada bambancin da ke tsakaninsu ya wuce kashi 10 cikin ɗari. Silindar da ta gaza, akan zuba mata baƙin mai cokali guda a sake awo. Idan allura ta tashi, laifin ringi ne. Idan ba ta tashi ba, sai zargi ya koma kan bawul ko gasket.

Awon da ya fi dacewa da wannan hali shi ne na yoyon iska, domin ba ya buƙatar a juya inji da kik. Ana tabbatar da cewa bawul ɗin silindar da za a gwada ba a danne suke ba, ko ta hanyar juya kamshaf, ko ta hanyar kwance shi gaba ɗaya. Kafin a taɓa kamshaf, wajibi ne a sauke fistin zuwa tsakiyar silinda, don kada bakanike ya lanƙwasa da hannunsa abin da hatsarin ya bari. Sannan a riƙe karanshaf, a hura iska ta ramin fulogi, a kasa kunne. Iskar da ke fita ta maƙogwaron shaƙar iska tana nuna bawul na shiga. Wadda ke fita ta salansa, bawul na fita. Wadda ke fita ta bakin zuba baƙin mai, ringi ko fistin. Kumfa a lagireto kuwa, gasket ko tsagewa. Yoyon da bai wuce kashi 10 cikin ɗari ba lafiya ne, amma lanƙwasasshen bawul yakan zubar da mafi yawan iskar, har a ji hucinta ba tare da an duba geji ba.

Garejin da ba shi da wannan na'ura ba a bar shi hannu rabbana ba. Bawul ɗin da ya lanƙwashe ba ya komawa mazauninsa sosai, saboda haka kansa zai zauna ƙasa da na 'yan'uwansa, ratar da ke tsakaninsa da kamshaf ta faɗaɗa. Ratar da aka saba ba ta kai rabin milimita ba. Idan aka ga ta kai milimita ɗaya ko biyu, magana ta ƙare. Haka kuma akwai ƙaramar kyamara da ake zura wa ta ramin fulogi, a ga tabon da bawul ya bari a kan fistin, mai ƙyalli kamar jinjirin wata.

Bayan An Tabbatar

Sai an samu irin waɗannan shaidu ne ake sauke tof. Akan kifa shi, a cika ramukan da kananzir, a ga inda zai tsiyaye. Bawul ɗin da ake shakka a kansa ana mirgina sandarsa a kan gilashi, mai lanƙwasa zai yi ɗingishi. Ana kuma duba bututun da sandar ke bi, da kan fistin, da kaskon baƙin mai, inda gutsattsarin robar da ke yi wa sarƙa jagora kan taru su toshe rariyar famfo.

Wasu kan miƙe lanƙwasasshen bawul da guduma su mayar, da sunan sauƙaƙa wa mai mota. Wannan araha ce da ba ta ado: ƙarfen ya riga ya raunana, kuma ranar da kansa ya ɓalle ya faɗa silinda, injin ne gaba ɗaya zai tafi. Wasu kuma tun kafin su kwance noti ɗaya sun ce "inji ya buga", su tura mai mota Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna neman wani injin na hannu, alhali wataƙila sarƙa da maɗauri da bawul biyu ne kawai abin saye.

Jinga

1. Me ya sa awon matsi ba ya zama shaida kafin a daidaita taimin?
2. Fitar da kalmomin aro goma daga nassin, a bayyana sauye-sauyen sauti da suka same su wajen shigowa Hausa.
3. A ziyarci gareji mafi kusa, a tattaro sunayen da kanikawa ke kiran sassan da aka ambata, a kwatanta su da na wannan darasi.