Amsar Tambaya: Koyar da Tekwando a Garin da Kake Baƙo

Ɗan'uwa, tunda sabon zuwa ne kai Maraɗi, kada ka yi gaggawar kama haya. Je ka gaida mai unguwa da liman, ka roƙi aron filin makarantar firamare. Iyaye ne masu biya, kuma tsoronsu kada yaro ya zama mafaɗaci. Kira su su zauna a benci, su ga yara na rusuna wa juna kafin karawa. Tuna musu lambar azurfar da ɗan tekwando Alfaga ya ciwo wa Nijar a gasar Olympics ta Rio a 2016. Kada horo ya ci karo da Islamiyya. Yammacin Alhamis da Juma'a ya fi. Kuɗin watan farko ya tafi kan katifun ƙasa. Yara goma masu naci sun ishe ka farawa.