Ciwon Haƙarƙari Da Yadda Yakan Taɓa Zuciya

Ya ku 'yan'uwana masu shirin zama malamai, ga wani darasi wanda na koya da idona a Mubi, na ga ya kamata in gaya muku.

Wata shekara da hunturu, sa'ad da iska mai ƙura ke busowa daga wajen duwatsu, wani yaro a ajina ya kamu da zazzaɓi da tari da ciwon ƙirji. Aka ba shi magani, ya sha na kwana biyu, jiki ya yi sauƙi, sai iyaye suka ajiye sauran. Bayan mako guda zazzaɓi ya komo. Yaron ba ya iya kwanciya, sai ya zauna ya sunkuya gaba, jijiyoyin wuyansa kuma suka kumbura. Da muka kai shi asibiti, likita ya ce mugunya ce ta taru kewaye da zuciyarsa.

To, yaya ciwon huhu zai kai ga zuciya? Ciwon haƙarƙari, watau nimoniya, ƙwayoyin cuta ne ke kawo shi, waɗanda ba a ganinsu sai da madubin likita. A shekarar 1881 Louis Pasteur na Faransa da George Sternberg na Amurka suka gano shahararriyar cikinsu. Zuciya kuwa tana zaune tsakanin huhu biyu, cikin wata 'yar jaka mai tantani. In ba a kashe ƙwayoyin duka ba, sukan ƙetara daga huhu ko su bi jini su shiga jakar nan. Mugunya ta cika ta, ta matse zuciya har ta kasa cika da jini sosai. Wani lokaci kuma sukan sauka kan ƙofofin cikin zuciya su cinye su. Wani likita, Robert Austrian, ya bayyana a 1957 yadda ƙwayar nan kan kama huhu da ƙofar zuciya da lulluɓin ƙwaƙwalwa gaba ɗaya. Tun da aka sami fenisilin, wanda Alexander Fleming ya gano a 1928, abin nan ya yi ƙaranci ƙwarai, amma in ya auku yakan yi kisa.

Maganinsa sai asibiti. Likita yakan ɗauki hoton zuciya, ya sa allura ya zuƙe mugunyar, ko ya yi fiɗa, sa'an nan a yi ta ba da magani ta jijiya, mako huɗu ko shida. Kaho da sakiya ba su kai wurin. Yaron nan ya warke, alhamdu lillahi, amma zangon karatu guda ya wuce shi.

Saboda haka ku riƙe abubuwa uku. Na fari, ku koya wa iyaye ƙidayar numfashi: yaro mai shekara 1 zuwa 5, in yana tari kuma numfashinsa ya kai 40 cikin minti guda, a kai shi asibiti ran nan. Na biyu, a shanye magani duka yadda aka faɗa, ko da jiki ya yi sauƙi. Na uku, a kai jarirai rigakafi. Nijeriya ta fara allurar rigakafin ciwon nan a 2014, ana yin ta a mako 6 da 10 da 14 da haihuwa.

Malami ba likita ba ne, amma kullum yara suna gabansa, sau da yawa shi ke fara lura. Allah ya ba mu lafiya, amin.