Kimiyya a Bakin Murhu

Iyaye mata na karkarar Ɗambatta, Bichi da Makoɗa, idan kuna girki kada ku riƙa korar yara daga madafa. Abin da ake koyarwa a makarantar kimiyya ta Dawakin Tofa, wadda aka buɗe a 1977, farkonsa yana cikin tukwanenku.

Ku fara da zoɓo. A zuba shi a kofi biyu, a ɗiga ruwan kanwa a ɗaya. Jan zai rikiɗe ya yi duhu-duhu. A matsa lemun tsami a kai, sai ja ya dawo. Launin zoɓo yana sauyawa ne gwargwadon tsamin abin da ya haɗu da shi, kanwa kuwa kishiyar tsami ce. Kada ku yi saurin faɗa wa yaro dalili. Ku tambaye shi tukuna: "Me kake zato zai faru idan muka sa tsamiya?" Ya faɗa, ya gwada, ya gani da idonsa.

Ƙullun waina ma haka. Yis da ake sa wa ƙullun halitta ce mai rai, tana cin zaƙi tana fitar da iska, shi ne kumburin da ake gani. Ku ajiye ƙullu ɗaya a rana, ɗaya a inuwa, yara su duba wanda ya riga tashi.

A haɗa da yara maza, ba 'yan mata kaɗai ba. Wuta da tafasasshen mai dai su zauna a hannun babba.