Tikitin Gwada Sa'a: Ƙofar Arziki Ce Ko Caca?

  

Darasinmu na wannan fitowa ya samo asali ne daga tambayar da wata baiwar Allah ta yi mini a ajin matan aure a nan Ɗanzomo. Sai da ta bari kowa ya fita, sannan ta matso ta ce, "Malama, wai shi tikitin nan da ake saye a cika lambobi, shi ma caca ne? Maigidana ya ce ba caca ba ne, tunda ba karta ake bugawa ba, kuma gwamnati ta san da shi." Da muka zauna sai na gane ba hukunci kaɗai ya dame ta ba. Akuyar da ta kiwata shekara biyu ce aka kai kasuwar Maigatari ranar Alhamis da sunan za a sayi taki, damina ta zo ta wuce, ba taki ba akuya.

Ya ke 'yar'uwa, kada ki ce wannan matsalar mutanen birni ce. A da kam sai mutum ya je tasha ko bayan kasuwa yake ganin 'yan caca, kuma kowa ya san su. Yanzu tana cikin wayar da ke aljihun maigida da ta ɗanki, har da taki. Akwai lotto irin na kamfanin Premier Lotto da aka fi sani da Baba Ijebu, wanda aka kafa a 2001. Akwai cacar ƙwallo, wadda ta bazu bayan fitowar irin su Bet9ja a 2013. Masu tsallaka iyaka zuwa Nijar kuma sun san LONANI da cacar sukuwar dawaki. Ga kuma saƙonnin da ke shigowa waya, a ce tura kaza ki ci mota.

Mu fara da maganar "gwamnati ta san da shi". Gaskiya ne a 2005 gwamnatin tarayya ta yi dokar lotto ta ƙasa, har ta kafa hukumar da ke ba kamfanoni lasisi. Amma a watan Nuwamba na 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa wannan hurumin jihohi ne, ba na tarayya ba, kuma a wannan shekarar Hisba ta Kano ta rufe shagunan cacar ƙwallo da dama. Mu nan Jigawa tun 2000 aka ƙaddamar da shari'ar Musulunci. To ko da ma babu wannan duka, lasisi takardar haraji ce, ba fatawa ba ce. Giya ma ai da lasisi ake sayar da ita a wasu jihohin.

Mece ce caca a wurin malamai? Ita ce duk wata mu'amala da za ki zuba dukiyarki, sannan sa'a kawai ta yanke ko ki kwashe na wasu ko wasu su kwashe naki. Ba ruwan hukuncin da kayan wasan, ko karta ce, ko lido, ko takarda mai lamba, ko waya. Allah (SWT) Ya ambace ta da sunan maisir. A suratul Baƙara aya ta 219 Ya haɗa ta da giya, Ya bayyana cewa akwai ɗan amfani a cikinsu ga mutane, sai dai zunubinsu ya rinjayi amfanin. Daga baya a suratul Ma'ida aya ta 90 da 91 Ya kira su ƙazanta daga aikin Shaiɗan, Ya yi umarni a nisance su, Ya kuma faɗi dalili: suna jefa gaba da ƙiyayya tsakanin mutane, suna hana ambaton Allah da salla. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa wanda ma ya gayyaci abokinsa zuwa caca da baki kawai, Annabi (SAW) ya umarce shi da ya yi sadaka. Gayyata kenan, ba a kai ga zuba kuɗi ba.

Abin da nake so ki riƙe shi ne yadda maisir ɗin Larabawan jahiliyya yake, don ya fi kama da tikitin yau fiye da karta. Mutane ne za su yanka raƙumi, a kawo kibau goma a zuba a jaka. Bakwai suna da rabo, uku ba su da komai. A girgiza, a zaro wa kowa tasa. Waɗanda suka tashi da kibau marasa rabo su ne za su biya kuɗin raƙumin, ba su da ko tsoka. Su kuma waɗanda suka ci, sau da yawa ba sa cin naman, matalauta suke raba wa don a yabe su. Kin ga kenan har taimakon talaka akwai a ciki, amma wannan bai hana a haramta shi ba. Saboda haka idan aka zo miki da tikitin gidauniya aka ce ki saya, wanda ya yi sa'a zai ci keken ɗinki, ragowar kuɗin kuma na marayu ne, to tsohuwar jakar nan ce aka sake wa ɗinki. Mai son taimakon marayu ya miƙa kuɗinsa kai tsaye.

Yanzu bari mu ajiye littafi mu ɗauki alli, don wasu sai sun ga lissafi suke yarda. A lotton da aka fi yi a ƙasar nan lambobi 90 ne, ana zaro 5. Wasan da ya fi farin jini shi ne ka zaɓi lamba biyu, idan duka suka fito cikin biyar ɗin an ci, kuma abin da aka saba biya shi ne ninki 240 na abin da aka zuba. Da jin haka sai rai ya biya: naira 100 ta zama 24,000! Amma a lissafi, cikin zubi 400 sau ɗaya ne lamba biyun ke fitowa. Wato mutum 400 sun zuba naira ɗari-ɗari, an tara 40,000, an miƙa wa mutum ɗaya 24,000 ana ta guɗa, 16,000 kuwa ta zauna a wurin mai kamfani da wakilansa. Su 399 ɗin da suka koma gida hannu rabbana ba mai ɗaukar hotonsu. Shi kuwa mai mafarkin cinko duka lambobi biyar, damarsa ɗaya ce cikin kusan miliyan 44. A ƙidayar 2006 mutanen Jigawa kaf ba su kai miliyan huɗu da rabi ba. Ki tara jihar sau goma, a ce a zaro suna ɗaya.

Kuma ki lissafa wa maigida da kanki. Naira 200 kullum, wadda yake cewa ai ba komai ba ce, a shekara 73,000 ce. A tambayi dillalan awaki a Maigatari ko masu awon riɗi da zoɓo abin da wannan kuɗin zai saya.

Wani abu da ya ba ni mamaki a nazarin wannan mas'ala shi ne yadda malaman Yahudawa suka daɗe suna tafka muhawara a kanta. Ba don mu ɗauki hukunci daga wurinsu na kawo ba, namu ya ishe mu, sai don ki ga hujjojin da ake kawo mana yau ba sababbi ba ne. A littafinsu na dokoki da ake kira Mishna, wanda aka tattara wajen shekara ta 200 miladiyya, an lissafa waɗanda ba a karɓar shaidarsu a gaban alƙali, ciki har da ɗan caca, da mai cin riba, da mai tseren tantabaru. Sai manyansu biyu suka saɓa kan dalili a cikin Talmud. Rami bar Hama ya ce ai wanda aka cinye bai taɓa sallama kuɗinsa da zuciya ɗaya ba, ya zuba ne yana ganin shi zai ci, don haka karɓarsu ya yi kama da ƙwace. Rab Sheshet kuma ya ce a'a, laifin ɗan caca shi ne ba ya cikin masu raya duniya, ba ya noma, ba ya saƙa, ba abin da yake ƙara wa jama'a, saboda haka wanda ba shi da wata sana'a sai ita shi ne ake ƙin shaidarsa. Wallahi da na ga wannan sai na tuna Muktasar na Shehu Halilu, inda a babin shaida aka sa wasan nardu, mai 'yar ƙwaya mai ɗigo-ɗigo irin ta lido, da wasa da tantabaru cikin abubuwan da ke taɓa adalcin mai shaida.

Da lotton gwamnati ya zo musu, wato Mifal HaPayis da aka kafa a Isra'ila a 1951 ana gina makarantu da wuraren jinya da kuɗinsa, sai saɓanin ya dawo sabo. Babban malaminsu Obadiya Yusuf, haifaffen Bagadaza wanda ya rasu a 2013, ya yi fatawar hana sayen tikitin. Wasu suka sassauta, suka ce mai sayen tikiti ya san tun farko kuɗinsa sun tafi, kuma aikin jama'a ake yi da su. Akwai ma masu cewa a sayi guda ɗaya tak: in Ubangiji Ya nufe ka da arziki ta nan guda ɗaya ya isa, ƙari a kai kuwa raunin dogaro ne.

Wannan magana ta ƙarshe ita ce kusan abin da mijin ɗalibata ya faɗa mata, wai shi ƙofa yake buɗe wa arziki, Allah ne mai bayarwa. Maganar tana da zaƙi, amma a wurinmu ba ta da wurin zama. Na farko, su nasu saɓanin a kan ijtihadin malamai yake, mu kuwa nassi ne ƙarara, kuma bai bambance guda ɗaya da guda ɗari ba, kamar yadda bai bambance kurɓi da kwalba ba. Na biyu, riƙo da sababi da aka umarce mu da shi sababin halal ne. Bukhari ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya fifita wa mutum ya ɗauki igiya ya yo itace ya sayar a kan ya roƙi mutane. Igiya da gatari ƙofa ce. Ba a neman abin da ke wurin Allah ta hanyar da Shi da kanSa Ya rufe. Kuma ni dai ban taɓa ganin wanda ya tsaya a tikiti ɗaya ba. In ya faɗi zai koma don ya rama, in ya ci zai koma don ya ɗanɗana.

To, kada kuma a wuce gona da iri, don ba kowace ƙuri'a ce caca ba. Nana A'isha (RA) ta ba da labarin cewa Annabi (SAW) idan zai yi tafiya yakan yi ƙuri'a tsakanin matansa, wadda ta faɗo a kanta da ita za a tafi. A suratu Ali Imrana ma an ba da labarin waɗanda suka jefa alƙalumansu kan wanda zai riƙi Nana Maryamu. Ƙuri'a hanya ce ta raba gardama tsakanin masu haƙƙi daidai, ba wanda ya yi asarar ko kwabo. Don haka in uwar adashe ta rubuta sunaye ta naɗe don a san wadda za ta fara kwasa, babu laifi, tunda kowace abin da ta zuba shi za ta ɗauka, gaba da baya ne kawai. Ranar da aka ce wadda ta fara kwasa ta daina zubi, ko ta ƙarshe ta tashi a tutar babu, to ba adashe ba ne kuma.

Garaɓasar kamfanoni ita ce ke da ɗan sarƙaƙiya. Kin sayi omo ko madara don kina buƙata, a farashin da aka saba, sai kika tarar da lamba a ciki kika ci bokiti. Malamai da yawa sun halatta wannan da sharuɗɗa biyu: ba a ƙara farashi saboda kyautar ba, kuma ba don kyautar kika saya ba. Amma wadda ta sayi lemo kiret guda tana ɓalle marafai tana leƙawa, ko take tura saƙon tes da ake cire mata kuɗi fiye da na kullum don shiga zaɓe, wannan ta zuba kuɗi ne a kan sa'a, sunan kawai aka sauya.

Sai tambayar da ta fi nauyi: ya za ki yi idan maigida ne ya faɗa ciki? Ki sani dukiyarki taki ce. Sadakinki, da akuyarki, da kuɗin ƙuli-ƙulinki, bai halatta ya taɓa ba sai da yardarki, kuma in kin san inda za su tafi bai kamata ki bayar ba, ko da sunan rance. Ki yi masa magana a lokacin da ba yara, ba kuma ranar da aka cinye shi ba, don ranar kunya ce ke magana ba shi ba. Ki fara da lissafin nan kafin wa'azi, maza da yawa sun fi jin sa. In abin ya ci tura har cefane ya fara yankewa, ki sanar da wanda yake jin nauyinsa, mahaifi ko yaya ko limamin unguwa. Wannan ba tonon asiri ba ne, ciyarwa haƙƙinki ne da na 'ya'yanki. Idan yana da noma ko sana'ar halal kuma kuɗin sun cakuɗe, malamai sun ce abin da kika ci na ciyarwar da ta wajaba a kansa babu laifi a kanki, zunubin nasa ne. Amma in ya shigo da atamfa ya ce ga rabonki cikin abin da ya ciyo, ki mayar masa cikin ladabi.

Wanda kuma ya riga ya ci ya tuba, in ya san mutumin da ya cinye ya mayar masa da kuɗinsa. In na kamfani ne da aka tara daga dubban mutane, kada ya mayar wa kamfanin, sai ya fitar da su ga matalauta ko wani aikin jama'a kamar gyaran rijiya ko magudanar ruwa, da niyyar rabuwa da su, ba da niyyar sadaka ba. Wallahu a'alamu.

Masu 'ya'ya samari, ku riƙa lura da yaron da ba ya kallon ƙwallo a da, yanzu kuma ya san sunan ƙungiyoyin ƙasashen da bai san inda suke ba, ko kike tsintar doguwar farar takarda mai jerin lambobi a aljihunsa ranar wanki. In kin tsinta, ki ajiye ta, ku zauna da shi da mahaifinsa ku lissafa abin da ya zuba a wannan watan.