Amsoshin Tambayoyinku: Kukan taya a motar jif

Wani mai sauraronmu daga Gusau ya ce jif ɗinsa ta fara gurnani daga ƙasa, kuma ƙarar tana ƙaruwa in ya taka wuta. To malam, da alama boris ɗin taya ne ya ci.

Ka samu titi mai kyau da babu cunkoso, ka riƙa karkata sitiyari a hankali. In ƙarar ta ƙaru sa'ad da ka karkata hagu, galibi boris ɗin dama ne, domin nauyin motar can yake komawa. Daga nan a ɗaga motar da jak, a kama tayar sama da ƙasa a girgiza. In tana wasa, ko aka juya ta aka ji gurza-gurza, magana ta ƙare. Amma fa a duba tayar kanta, don wadda ta ci gefe ɗaya ita ma tana irin wannan kuka.

Batun gyara, tsofaffin Land Cruiser ana kwance boris ɗinsu na gaba a wanke, a cusa giris, a ɗaure daidai. Yawancin na yanzu kuwa a rufe suke zuwa, sai canji. Kada ka yarda makanike ya buga sabo da guduma. Da injin matsi ake shigar da shi, in ba haka ba tun ranar ya fara lalacewa.

Ramuka da ratsa ruwan damina ne ke kashe shi. Kada ka kama doguwar hanya kafin gyara, don taya na iya cijewa ko ta fice ana cikin gudu.