Yadda Ake Gano Illar Fitilu a Motar Soja Ƙirar M35

Babbar motar nan ta sojan Amurka da ake kira M35, wadda kamfanin Reo ya fara ƙerawa wajen 1950, ta saɓa wa motocin gida ta fuskar lantarki, kuma duk mai gyaran wayar da ya jahilci wannan saɓani, lalle zai ɓata fiye da abin da ya gyara. Wutarta bolt 24 ce, daga batir biyu masu bolt 12 da aka jera ɗaya bayan ɗaya. Wayoyinta kuwa galibi baƙaƙe ne, ba a bambanta su da launi sai da lambar da aka buga a ɗan ƙarfen da ke manne kusa da bakin kowace.

Tun da farko a cire zobe da agogo, sa'an nan a auna kowane batir shi kaɗai. Lafiyayye yakan nuna kimanin 12.6, biyun a haɗe su ɗan haura 25, in injin yana aiki kuwa a ga wajen 28. In ɗaya ya gaza ɗan'uwansa ƙwarai, a bincika ko wani ya jawo wutar rediyo ko caja daga gare shi shi kaɗai, al'adar da nake ƙi matuƙa, domin tana kashe batiran biyu kafin wa'adinsu.

Daga nan sai makunnin fitilu mai hannu uku. Yana da hannun kulle wanda wajibi ne a ɗaga kafin babban hannun ya yarda ya tafi wajen manyan fitilu, hikimar kuwa ita ce kada direba ya haska ayari cikin dare bisa kuskure alhali abokan gaba na kallo. Sau da yawa motar da aka ce fitilunta sun mutu an bar ta ne a kan fitilun duhu, waɗanda haskensu ɗan ƙyalli ne kawai.

In makunnin yana daidai, a ɗauko fitilar gwaji mai ƙwan bolt 24, a bi wutar bisa tartibi daga tushe zuwa reshe. Waya mai lamba 15 ce ke kawo wuta makunni, 16 ta kai ta maɓallin ƙafa mai sauya fitila, daga can 17 ta tafi fitila mai nisa, 18 kuma mai kusa. Inda wuta ta shiga ba ta fita ba, nan illar take, kuma babu hujjar yanka waya kafin a kai wannan matsayi. Mahaɗan roba a murɗa su a hankali a raba, a kankare koren da ya taru ciki.

Amma abin da ya fi cancantar haƙuri shi ne hanyar komawar wuta, domin wutar da ta isa ƙwan fitila dole ta koma batir ta jikin motar, kuma tsatsa da fenti mai kauri, wanda soja ba sa rowarsa, sukan toshe wannan hanya a ƙarƙashin noti inda ido ba ya gani. Alamarta fitila ta yi ja-ja, ko ta baya ta dushe da zarar an taka birki. A ɗauki guntuwar waya a haɗa gidan fitilar da ƙarfen shasi mai tsabta. In haske ya dawo, an tabbatar. Sai a kwance notin, a goge wurin har ƙarfe ya yi fari, a ɗaure, a shafa giris.

Idan kuwa fitilu suna ɗaukewa suna dawowa tare da ƙara ƙas-ƙas, wannan na'urar katse wuta ce da ke madadin fis, tana shaida cewa wata waya ta goge tana taɓa ƙarfe. A cire kan batir mai komawa jikin mota tukuna, sa'an nan a bi damin wayoyin da hannu, musamman inda suka ratsa bangon injin da inda maƙalai suka danne su a kan shasi. Wadda aka samu ta ƙuje a sake ta da mai kauri irin nata, a mayar mata da lambarta.